Bahon da Aka Ba Baba Tukwici

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Laraba abin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne saboda aikina a watan nan shi ne in zagaya duk bayan awa ɗaya in rubuta zafin kowane bututu a littafi, kuma agogon da aka ba ni aro yana ɗaure a hannuna. Shi nake kallo sa'ad da aka yi mini tambayar da ban amsa ba. Kun taso kuna jin ana cewa iska ce ta taɓa Inna Uwani tun tana ƙarama. Kun kuma ji ana cewa ni na kashe sana'ar kakanku da gatari saboda girman kan boko. Na biyun akwai gaskiya a ciki. Na farkon babu ko kaɗan. Yanzu da Uwani ta rasu, Baba ya rasu, Gwaggo Lami ta daɗe a kabari, ba sauran wanda zan kunyata sai kaina, don haka zan rubuta muku yadda aka yi.

Ni ce 'yar fari a gidanmu na Dandamisa. Ku da kuke kiran babanku a waya ku tambaye shi abin da ya ci, da wuya ku gane abin da wannan yake nufi a lokacinmu. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Iya ma haka. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga yayar Baba, Gwaggo Lami, da take aure a Likoro. A can na yi wayo, a can na shiga makaranta. Da mijinta ya rasu muka dawo Dandamisa tare, aka ba mu ɗaki a gidan Baba. In yana da magana da ni, ko ina zaune a tsakar gida yana ganina, sai ya dubi Gwaggo ya ce, "Yaya, ki ce wa yarinyar nan kaza." Ni ma in ina da buƙata Gwaggo nake faɗa wa, ita ta kai. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kuma a wurinmu ita ce alamar gidan mutunci. Ni dama Allah ya yi ni mai shiru, na fi sakewa da littafi a kan mutum, saboda haka al'adar ba ta taɓa yi mini nauyi ba. Har daɗinta nake ji. Ba a tambayata, ba na amsawa.

Uwani kuwa auta ce, shekararta biyar a lokacin, kuma duk abin da Baba bai iya yi da ni ba da ita yake yi. Tana hawa cinyarsa ta ja masa gemu, ta tuɓe masa hula ta sa a kanta. Bakinta ba ya hutawa. Ta haddace sunan kowane mai aiki a wurin matse rake, ta san wanda ke satar barci a bayan tulin ɓawo, kuma sai ta kai ƙara. Ku ba ku san wannan Uwanin ba. Kun san wadda ke zaune a bakin ƙofar kicin tana murza bakin zaninta, wadda sai an maimaita mata magana sau uku. Ina so ku riƙe ta farkon a ranku yayin da kuke karanta sauran.

Sana'ar Baba mazarkwaila ce. Yana da fadamar rake, da injin matsewa, da manyan kasake uku a kan murhu. Ruwan rake yana fitowa daga injin ya zuba a rabin duro, ya jira har kasko ya samu sarari, a kwashe a dafa, a yaye kumfa da ludayi, in ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Dillalai suna zuwa daga Makarfi da Kudan su ɗauka. Abin da yake damunsa kullum shi ne duron nan. Tsatsa take cin sa, ya huje, a liƙe, ya sake hujewa, ruwan ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe.

A shekarar da nake ba ku labari ina karatun haɗa sinadarai a Zariya, aka tura ni horon wata shida a wata ƙaramar masana'anta da ke gefen hanyar Ikara. An daɗe da rufe ta, ba zan faɗi sunanta ba. Asid ɗin farar wuta ake yi a wurin, wanda in an sirka shi da ruwa kuke kira ruwan batir, da shi kuma ake haɗa wani irin takin zamani. Wanda aka danƙa ni a hannunsa Injiniya Yohanna ne, mutumin kudancin Kaduna, dogo mai yawan dariya, wanda ya raɗa mini suna Malama Shiru tun ranar farko. Shi ya zagaya da ni. Ana narka farar wuta, a ƙona ta a tanderu da iskar da aka busar, hayaƙin ya bi ta cikin wata doguwar tukunya mai hawa huɗu. A kowane hawa an shimfiɗa wasu ƙwayoyi kamar kashin awaki, su ba sa ƙonewa, aikinsu kawai su sa hayaƙin ya ƙara ɗaukar iska. Daga nan ya shiga hasumiya inda asid mai ƙarfi yake zubowa daga sama kamar ruwan sama, ya shanye shi. Abin da bai shanye ba ya fita ta bututun hayaƙi, kuma duk wanda ke da gona a inda iska ta fi kaɗawa ya san shi, domin ganyen tumatirinsa yana ƙonewa a baki, kwanon rufinsa ba ya daɗewa.

Na yi sa'a, ko kuma na ɗauka sa'a na yi, domin a shekarar ake sauya kayan masana'antar. Ana gina hasumiya ta biyu, yadda hayaƙin zai fita daga tukunyar a tsakiyar tafiya, a shanye shi, ya koma ya ƙarasa hawan ƙarshe, a sake shanye shi, abin da zai kai ga gonakin mutane ya zama kaɗan ƙwarai. A saman hasumiyoyin ana jera wasu dogayen matatai na zaren gilas masu kama da kyandir, su kama feshin asid kafin ya tsere. Tsofaffin bututan baƙin ƙarfe da ake sanyaya asid a cikinsu, waɗanda ruwa ke kwarara a bayansu a fili, an tumɓuke su, an kawo wata rufaffiyar ganga ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ina son aikin nan yadda ban taɓa son komai ba. Komai yana da dalili, kuma in ka bi dalilin a hankali za ka same shi. Injiniya ya ba ni alli ya ce duk tsohon abin da aka fitar zuwa bayan fili in rubuta a jikinsa mene ne shi da abin da aka yi shi da shi. Ban tsallake ko ƙusa ba.

Cikin abin da aka fitar akwai bahon da ake sirka asid a ciki, faɗinsa ya kai tabarma, zurfinsa ya kai gwiwa. Bayansa ƙarfe ne, cikinsa kuwa an shafe shi da dalma. Ba irin dalmar tukunyar girki nake nufi ba, baƙar nan mai nauyi da ke cikin batirin mota. An maye gurbinsa da wani mai rufin roba. Ranar da aka fitar da shi Injiniya ya kira ni ya nuna mini wata farar fata mai kama da alli da ta rufe cikinsa.

"Malama Shiru, kin san me ya sa asid ya yi shekaru a cikin nan bai cinye shi ba?"

Na ce ban sani ba, ko da yake na karanta.

"Kin sani, ba kya so ki faɗa ne. Asid ɗin da kansa yake yi wa dalma wannan fatar, fatar kuma ta tsare ta." Ya karce da farce, wurin ya yi ƙyalli. "Kin ga wannan mai ƙyallin? Shi ne mugun. Asid in ya taɓa ki kin sani nan take, ki yi ihu, a zuba miki ruwa. Wannan ba ya sa ihu."

Na rubuta a jikin bahon da alli: na sirki ne, rufin dalma, kada a yi amfani da shi. Bayan kwana biyu Injiniya ya tafi Legas karɓo sauran kaya daga tashar jirgin ruwa.

Ranar Larabar nan Baba ya zo masana'antar da kwandon mazarkwailar farkon kaka, don ya gode wa mai wurin da ya karɓi 'yarsa. Alhaji kawai muke ce masa. Mutum ne mai kyauta, ɗan kasuwa, bai san komai game da asid ba sai sayar da shi. Ina cikin zagayena na hango su a bayan fili tare da ma'aikata huɗu ko biyar. Na so in kauce, Alhaji ya riga ya gan ni, ya yafuto ni. Na zo na durƙusa nesa kaɗan.

"Malam Sale," in ji Alhaji, "ba za ka kawo mana zaƙi ka koma hannu rabbana ba. Ga tarkace nan, 'yan gwangwan ne za su kwashe. Duba abin da zai yi maka amfani, tukwicinka ke nan."

Baba ya yi godiya, ya ƙi sau biyu kamar yadda ake yi, sannan ya shiga zagayawa. Ya wuce bututai, ya wuce ganguna. Ya tsaya a kan bahon. Ya shafa cikinsa, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya daɗe yana kallon rubutun allin, shi da ba ya karanta boko.

"Wannan ba ya tsatsa, Alhaji?"

"Tsatsa? Abin da asid ya kasa ci? Ga ma'aikaciyarmu nan ma. 'Yar boko, ya kika gani? Zai yi wa Baba aiki?"

Duk suka juyo. Baba kaɗai ne bai juyo ba, ya ba ni gefen fuska, yana jira. Amsar tana bakina, har da dalilinta, har da shafin littafin da na karanta ta. Amma in na yi magana, na yi ta ne a kan zaɓin ubana, a gabansa, a gaban maza, a kan kyautar babban mutum. Na sunkuyar da kai. Idona ya sauka a kan agogo.

Alhaji ya fashe da dariya. "Af, 'yar fari ce ko? Allah ya ba ku haƙuri, na manta. Da akwai matsala ai da ta faɗa. Ku ɗora masa a a-kori-kura."

Mutum shida suka ɗaga shi.

Na ce wa kaina ba komai, zan aika ta hanyar da aka saba. A Ikara nake kwana, gidan wata 'yar'uwar Iya, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Ranar Asabar na samu Gwaggo tana tankaɗe, na zauna na yi mata bayani dalla-dalla: dalma ce, guba ce, ruwan rake in ya jima yana tsami, tsamin zai ci dalmar, ba wanda zai gani, yara ta fi kamawa. Ta saurare ni har ƙarshe.

"To, Rakiya, na ji. Zan faɗa masa."

Ta kuwa faɗa. Ina ɗaki ina jin su bayan la'asar.

"Sale, yarinyar nan ta ce abin nan akwai guba a jikinsa."

"Ai na sani, Yaya. Abin da ya fito daga gidan asid. Ki ce mata ta kwantar da hankalinta, ba za a zuba komai ba sai an wanke shi tas."

Gwaggo ba ta ƙara ba, ni ma ban fito ba. Kowa a garin asid yake tsoro, sun ga yadda yake huda wandon mai cajin batir. Dalma kuwa sun san ta, da ita mai gyaran kwano yake liƙe musu langa. Da na dawo bayan mako biyu na tarar matan gidan sun yi wa bahon irin wankin da ake yi wa tukunyar biki. Kwana uku suka yi a kansa da yashi da toka da lemon tsami, Iya har tafin hannunta ya saɓule. Ba su bar ko ɗigon farar fatar nan ba. Yana ƙyalli kamar madubi, cike da ruwan rake, Uwani tana leƙa fuskarta a ciki.

"Yaya Rakiya, zo ki ga bahonki! Baba ya ce bahonki ne. Ya ce kowa da abin da 'yarsa take kawo masa."

Na koma wurin Gwaggo, wannan karon da kuka.

"Ke kika ce guba, an wanke," in ji ta. "Yanzu kuma ki ce wankin ne laifi? Mutumin nan ya kira liman ya gani, ya kira mai unguwa ya gani. In je in ce masa ya jefar da kyautar Alhaji saboda 'yarsa ta fi shi sani? Ki bari a gama kakar nan, sai a san dabarar da za a yi."

Sai na yi abin da na iya. Na rubuta wasiƙa, shafi biyu, da tsabtataccen rubutu, na jera komai ɗaya bayan ɗaya, na ba Gwaggo ta miƙa masa. Ta ce ya karɓa, ya sa a gafaka. Na koma Ikara ina jin na sauke nauyi. Ban tsaya na tambayi kaina wa zai karanta masa ba. Baba ajami yake karantawa, kuma mutum irinsa ba zai ɗauki takardar 'yar fari ya kai wa wani namiji ya karanta masa ba. Na san wannan. Na zaɓi kada in tuna. Haka kuma da Injiniya ya dawo daga Legas, kullum muna tare a gindin sabuwar hasumiya, sau da yawa na buɗe baki in gaya masa, sai in ga kamar ƙarar Alhaji zan kai, in yi shiru. Wata uku bahon yana aiki. Ina rubuta zafin bututai duk awa, ban taɓa kuskuren lamba ɗaya ba.

Masu aikin Baba suka fara kukan ciwon ciki da taurin bayan gida, aka ce yawan shan zaƙi ne. Yaran unguwa suna zuwa da kofuna a ɗiba musu, amma Uwani 'yar mai wuri ce, nata ne na ƙasan baho in an tashi aiki da yamma, wanda ya wuni a rana ya yi tsami. Har cokali take zuwa da shi ta kankare gefe. Da farko rigima ta fara, ita da ba ta da rigima. Ta daina cin tuwo. Tana tafiya sai ta yi tuntuɓe a inda ba komai. Wata Asabar na zo ta dube ni ta kasa kamo sunana, ta ce, "Yaya... Yaya wannan." Na ɗaga ta, na ji ta yi sauƙi kamar kaza. Washegari bayan azahar ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga, idonta ya juye. Iya ta ce iska ce, daga fadama ta kwaso. Aka kawo rubutu, aka turara hayaƙi. Da jijjigar ta dawo karo na uku kafin la'asar, ban nemi izinin kowa ba, na goya ta na fita bakin hanya, Gwaggo ta biyo ni da mayafi a hannu. Daga Makarfi aka tura mu Zariya.

Likitan da ya duba ta ya yi ta tambaya. Ana sa mata tozali? Akwai mai fasa batir a gidan? Gwaggo tana cewa a'a. Ni na ce masa, ba tare da ya tambaye ni ba, baho ne mai rufin dalma, an kankare shi, ruwan rake yana wuni a ciki, wata uku ke nan. Ya ajiye biro ya dube ni.

"Ke wace ce a wurinta?"

"Yayarta."

"Yaushe kika san dalma ce?"

Na gaya masa. Ya ɗauki bironsa ya ci gaba da rubutu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce za su yi ƙoƙarin fitar da abin da ke jininta, ran zai iya tsira, amma abin da ya riga ya taɓa a kai ba ya dawowa.

Kwana biyu bayan haka na bar Gwaggo a asibiti na koma Dandamisa. Da hantsi na isa. Tun daga nesa nake jin ƙarar injin. Ba a daina ba, don ba wanda ya haɗa ciwon Uwani da bahon. Dillalai uku suna tsaye ana jera musu kaya, Baba yana bakin kasko da ludayi, ya rame. Akwai gatarin faskare a jingine da tulin itace. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Na fara da bututun da ke ƙasan bahon, sara biyu ya fita, ruwan ya malale a ƙasa. Sannan na shiga sarar cikin. Dalma taushi gare ta, tana yagewa tana naɗewa kamar fatar akuya. Wani ya riƙe mini hannu na fizge. Da na gaji na juya na dubi ubana ido da ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba."

Ludayin ya tsaya a hannunsa.

"Baba, ba iska ba ce. Bahon nan ne ya yi wa Uwani haka. Duk mazarkwailar da aka yi tun da aka kawo shi akwai guba a ciki. Kada a sayar wa kowa. Wadda aka sayar a bi ta."

Ɗaya daga cikin dillalan, wani tsoho mutumin Kudan, ya ce, "Subhanallahi. Malam Sale, 'yarka ce wannan?"

Baba bai dubi tsohon ba, ni ma bai dube ni ba. Ya ce wa mai kula da inji, "Kashe." Aka kashe. Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba.

Abin da ya biyo baya ina so ku sani, don ba a faɗa muku shi. A ranar ya sa aka haƙa rami a bayan fadama, aka kwashe duk abin da ke rumbu aka binne. Ranar kasuwa ya je Makarfi da ƙafarsa, ya bi dillalai ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu da bakinsa, ya je Kudan ya yi haka. Ba wanda ya tilasta shi. Daga nan sunan ya bi shi, mazarkwailar Malam Sale mai guba. Kaka ta zagayo ba dillalin da ya zo. Ya sayar da injin, ya koma noman dawa, mutumin da kakansa ma mazarkwaila ya yi. A gari ba a ce dalma ba, an fi son labarin iska, an fi son labarin 'yar da ta ɗaga wa ubanta gatari a gaban baƙi. Iya ma har ta mutu iska take cewa, ban taɓa yi mata gardama ba, don hannunta ne ya yi wankin.

Da na gaya wa Injiniya Yohanna, zama ya yi a kan bututu ya riƙe kai. Ya ce, "Rakiya, kullum kina gefena. Kalma ɗaya." Ranar ce kaɗai bai ce mini Malama Shiru ba. Ya aika mota ta ɗauko bahon, ya sa aka yanka shi a gabansa, da duk wani abu mai dalma da ya rage a filin. Na gama wata shidana, na ga ranar da aka kunna hasumiya ta biyu, bututun hayaƙi ya tsaya fes kamar ba a aiki, ma'aikata suna tafi. An ce tumatirin gonakin gefen ya yi kyau a shekarar. Ban sake shiga masana'antar asid ba. Na ƙarasa karatu, na yi aikina a ɗakin gwajin ruwan sha har na yi ritaya, kuma da babanku ya zo neman aurena sharaɗi ɗaya na kafa, Uwani za ta bi ni. Shi ya sa kuka buɗe ido kuka gan ta a gidanmu.

Daga ranar gatarin saƙo ya daina zuwa ta bakin Gwaggo. Da can ko ba ya yi mini magana, ina jin "ki ce wa yarinyar nan" sau biyu sau uku a mako. Wannan ma ya ɗauke. Ina zuwa gaisuwa, in durƙusa, ya amsa wa iska. Gwaggo kafin ta rasu ta kama hannuna ta ce ita ta rage maganar, ta ji nauyin ƙaninta, in yafe mata. Na ce ba ita aka tambaya ranar Laraba ba. Tambaya ɗaya ta zauna mini shekara da shekaru, ina aiki tana nan, ina goyon ku tana nan: da na yi magana a filin nan, da ya bari? Wani lokaci in ce da bai bari ba, namiji ne, a gaban Alhaji, sai in samu barci. Wani lokaci in ce da ya bari.

Sai da ya tsufa ƙwarai, ƙafa ta daina kai shi masallaci, na kai masa Uwani wata ranar Juma'a da safe. Tana da furfura a lokacin. Yana zaune a zaure a kan buzu, ta je ta zauna a gefensa ta tuɓe masa hula, wannan kaɗai ba ta taɓa mantawa ba. Ba kowa sai mu uku. Na durƙusa a bakin ƙofa, na yi masa magana kai tsaye karo na biyu a rayuwata.

"Baba, ranar da Alhaji ya tambaye ni. Da na ce a'a, da ka bar shi?"

Ya gyara zama a kan buzun. Sannan ya jawo gafakarsa, ya laluba, ya fito da wata takarda da ta yi ja, ninkinta ya kusa rabewa. Wasiƙata ce. Ya ɗora ta a cinyar Uwani, ya gyara mata hular a kanta. Bai dube ni ba. Ita ya duba, ita da ba za ta iya kai saƙo daga zaure zuwa tsakar gida ba.

"Uwani, ki ce wa yayarki, ban san abin da ta rubuta a nan ba har yau, na ajiye ne don rubutun hannunta ne. Bahon ma don na ga hannunta a jiki na tsaya a kansa. Ki ce mata da kai kawai ta girgiza, da na bar shi a wurin." Ya share bakin Uwani da gefen rigarsa. "Ki kuma ce mata, ni na koya mata kada ta girgiza."